Yadda ake zaɓen kwamfutar ofis ta hannu a Zariya maimakon sabuwa mai ƙyalli

Da zarar an koma sabon zango a Jami'ar Ahmadu Bello, a harabobinta na Samaru da Kongo, wayata ba ta hutawa. Iyaye da yayye ne ke kira: "Malam, an ce yaron nan sai ya mallaki laftof, ga abin da muka iya haɗawa, wacce za mu saya?" Amsata ba ta cika canzawa ba. In kuɗin ba su kai na sabuwar kwamfuta mai nagarta ba, a nemi ta ofis wadda aka yi aiki da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, wadda 'yan kasuwa ke kira tokumbo ko Beljiyam. A bar sabuwa mai arha da ke cikin kwali, ko da ledarta na ɗaukar ido.

Abin da ya ƙara zaunar da ni a kan wannan ra'ayi shi ne abin da ya sami 'yar yayata. Mahaifinta ya ce shi ba zai saya wa 'yarsa gwanjo ba, aka sayo mata sabuwa fil. Tana ajin ƙarshe, ana tsakiyar rubuta furojet, sai ga kiranta da dare: "Kawu, na zo buɗe ta na ji ƙas, gefen sikirin ya ɗage." Da muka kwance ta, robar da ke riƙe da nocinan hinji ce ta farfashe. Muka ce tunda an buɗe bari a ƙara mata ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, don dama tana jan ƙafa, sai muka tarar an liƙe ram ɗin a jikin bod, wato babban allon da ke cikin na'urar, babu ramin ƙari. Da kwamfutar aro ta ƙarasa aikinta, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin kuɗin da aka kashe sun isa a sayi wadda za ta raka ta har bayan bautar ƙasa.

Kowane babban kamfanin kwamfuta yana da layi biyu. Akwai na gida, wanda ake yi don mai shiga kanti ya duba farashi da kyan fuska: HP Pavilion, Dell Inspiron, Lenovo IdeaPad, Acer Aspire. Akwai kuma na ofis, wanda bankuna da ma'aikatu da manyan kamfanoni ke saya ɗaruruwa a lokaci guda: ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, EliteBook da ProBook na HP. Sunan ThinkPad tun 1992 yake, IBM ce ta fara yin sa kafin Lenovo ta sayi sashen a 2005. Kamfanin da ya sayi kwamfuta dubu ba ya son ma'aikatansa su yini a layin gyara, saboda haka ake yi musu ita da ƙashi mai ƙarfi, galibi da sinadarin maganiziyam ko alminiyam a gangar jiki, hinjin ƙarfe, da kibod mai jure ɗan ruwan da ya zube. Ana kuma yin ta yadda mai gyara zai kwance noti kaɗan ya kai ga batir da ram da ma'adana, har littafin kwance ta da ɗaura ta kamfanonin ke sakawa a intanet kyauta. Bayan shekara uku ko huɗu ma'aikatun kan sauya su, dillalai su kwashe, su iso Legas, daga nan su watsu zuwa Kano da Kaduna da nan Zariya. Yawansu shi ya sa kayan gyaransu ba sa wuyar samu. In sikirin EliteBook ya fashe, da wuya ka zaga shagunan unguwar PZ da Samaru ka rasa, in ma an rasa za a aiko daga Kano.

Mataki na farko: san aikin da za ta yi

Ɗalibin shari'a ko na mulki a Kongo, malamin makaranta, mai shagon buga takardu, ɗalibar da za ta yi lissafin bincikenta da SPSS, duk waɗannan kwamfutar ofis mai inci 14 ta ishe su. Ɗan zanen gine-gine ko injiniya da zai riƙa buɗe Revit ko manyan zane-zanen AutoCAD, da mai tace bidiyo, su nemi manyan yayyensu masu katin hoto na daban: ThinkPad jerin P, Dell Precision ko HP ZBook. Suna da nauyi, suna cin batir, amma aikin nasu ne. Wanda kuma yake da kuɗin sabuwar ta ofis da garantin kamfani, ya saya, ba da shi nake ba.

Mataki na biyu: koyi karanta lambar furosesa

Furosesa shi ne guntun da ke sarrafa duk aikin kwamfuta. Nan ne aka fi cutar mutane, shi ya sa zan daɗe a kai. Mai shago zai ce maka, "Oga, wannan Core i7 ce," kai kuma ka ji bakwai ta fi biyar, ka miƙa kuɗi. Sunan i5 ko i7 kaɗai ba ya gaya maka shekarun na'urar. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da shi. A i5-8350U, lamba ta farko bayan ɗan layin, wato 8, ita ce janareshan, ma'ana zubi na nawa ne a jerin fitowarsu. A i7-4600U janareshan na huɗu ne, kayan 2013. Daga na goma zuwa sama lambobi biyu ake karantawa: i5-10310U na goma ne, i5-1135G7 na sha ɗaya.

Kada ka sauka ƙasa da janareshan na takwas, saboda dalili biyu. Na ɗaya ƙarfin aiki: a irin waɗannan sirara na ofis, i5 da i7 na janareshan na bakwai zuwa ƙasa masu harafin U ƙwaƙwalwa biyu gare su, daga na takwas aka mayar da su huɗu. Ke nan i5-8350U ta fi i7-7600U ɗaukar aiki, duk da sunan i7 ya fi cika baki. Na biyu shi ne Windows. Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana neman janareshan na takwas na Intel zuwa sama, tare da ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ganin Windows 11 a kan sikirin ba hujja ba ne, don akwai dabarar cusa ta a kan tsohuwar na'ura, kuma ana yi sosai.

Samfuran da nake yawan nuna wa mutane su ne ThinkPad T480 da T490 da T14, Latitude 5490 da 5400 da 7490, sai EliteBook 840 G5 da G6. EliteBook 840 G3 ta cika kasuwa kuma tana da kyan gani, amma janareshan na shida ce, lokacinta ya wuce. A kula kuma: T480 da Latitude 5490 da 840 G5 an yi wasunsu da furosesa na bakwai, saboda haka sunan samfurin ma bai wadatar ba. Sitikar da ke manne kusa da kibod kuwa, ana cire ta ana manna wata. Kunna na'urar, danna Ctrl da Shift da Esc tare, a tagar da ta buɗe shiga Performance, can za ka ga cikakken sunan furosesa da yawan ram da irin ma'adana da idonka. Gani ya kori ji.

Ram kada ta gaza giga 8, in da hali 16. Tambayi ko ana iya ƙarawa: T480 da Latitude 5490 da 840 G5 ramuka biyu gare su, T490 an liƙe wani kaso an bar rami ɗaya, X280 da X1 Carbon kuwa duka a liƙe yake, abin da ka saya da shi za ka zauna. Ma'adana ta zama SSD, wato irin da ba ta juyawa, mai giga 256 ko fiye. In tsohon had dis mai juyawa ne a ciki, sa kuɗin canza shi cikin lissafinka tun yanzu.

Mataki na uku: wurin wa za ka saya

Ba a cinikin biri a sama. Hotunan da ake turawa a WhatsApp da Facebook ba sa nuna batir ko hinji. Je da kanka wurin mai shago tsayayye wanda za ka dawo gobe ka same shi, ka tafi da wanda ya san kan abin in kai ba ka sani ba. Ware awa guda ko fiye, ka riƙo filashi da abin sauraro na kunne, wayarka kuma da data.

Ka bambance abu uku da ake haɗawa a suna ɗaya. Akwai wadda aka shigo da ita daga waje kai tsaye ba a taɓa cikinta ba. Akwai wadda aka gyara da gaske, aka goge ta, aka sa sabuwar ma'adana ko batir, aka gwada. Akwai kuma wadda aka sha aiki da ita a nan gida, aka wanke, aka manna mata leda a murfi, aka jera ta cikin 'yan waje. Kalmar giredi A ko giredi B babu wata hukuma da ta tsayar da ma'anarta, kowane dillali da ma'auninsa. Tambaye shi kai tsaye: "Alhaji, tsakani da Allah, an taɓa bod ɗinta?" Mai gaskiya zai faɗa maka. Sannan juya ta ka duba nocinan ƙasa. In kawunansu sun cinye ko wasu sun ɓace, ta sha hannun masu gyara.

Mataki na huɗu: gwajin cikin shago

Kafin komai fara da BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi, domin matsalar da ke can ba ta gyaruwa da arha. Kashe na'urar ka kunna, kana danna F1 in ThinkPad ce, F2 in Dell ce, F10 in HP ce. In ta nemi kalmar sirri kafin ta bar ka ka shiga ko ka canza wani abu, kuma mai shagon bai san kalmar ba, ajiye ta. A sababbin samfura cire ƙaramin batirin bod ba ya goge wannan makulli. Kana ciki ka leƙa sashen tsaro, ka nemi Absolute ko Computrace. Manhaja ce da kamfanoni ke sawa don bibiyar kayansu da kulle su daga nesa, in ka ga an kunna ta, nemi wata.

Akwai makulli na biyu da ba ya bayyana sai an sake zuba Windows. Wasu kamfanonin kan yi wa na'urorinsu rajista a tsarin Microsoft, in suka sayar ba su cire rajistar ba, ranar da ka sake zubi ka haɗa da intanet sai sunan wani kamfanin Amurka ko Ingila ya fito, ana neman imel ɗin ma'aikaci. Maganin wannan shi ne ka sa a sake zuba Windows a gabanka, ka haɗa ta da datar wayarka tun a shafukan farko na saiti. In ta wuce lafiya ta nemi sunanka, babu rajistar kowa a kanta. Zai ci minti talatin ko fiye, mai shago yana iya ƙosawa, ka ba shi haƙuri ka jira.

A BIOS ɗin dai, kwafi lambar na'urar ka gwada ta da wadda ke rubuce a ƙasanta. In sun saɓa, an canza bod ko murfi. Ta Dell ana kiranta Service Tag, haruffa da lambobi bakwai ce. Sa ta a shafin tallafi na kamfanin ta wayarka, za ka ga samfurin da lokacin garantinta na asali, daga nan ka san shekarunta na gaskiya. HP da Lenovo ma suna da irin wannan shafi.

Kowaccensu tana da gwajin kanta a ciki, ba sai da Windows ba. A Dell danna F12 lokacin kunnawa ka zaɓi Diagnostics, a HP danna Esc sannan F2, a ThinkPad danna Enter sannan F10. Bar shi ya duba ram da ma'adana da fanka.

Sai batir, wanda a garin nan shi ne rabin kwamfuta, tunda ba kullum ake samun wuta ba. Kada ka yarda da "tana yin awa biyar". Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta ajiye maka rahoto ta nuna inda yake. A ciki ka nemi lambobi biyu: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yanzu. Raba ta biyun da ta farkon. A wurina kashi 80 cikin ɗari zuwa sama ya yi kyau, wajen 70 a rage mini kuɗi, ƙasa da rabi kuwa na ɗauka babu batir, sai a cire kuɗin sabo daga farashi. Bayan haka zare caja ka kunna bidiyo na minti goma sha biyar kana kallon yadda kason ke sauka. In ya yi tsalle daga sittin zuwa ashirin, batirin ya mutu ko da rahoton ya yi kyau. Shafa kuma wurin da ake jan linzami da yatsa: in ya ɗago ko ƙasan na'urar ya yi tozo, batirin ya kumbura, wannan haɗari ne. T480 tana da wata fa'ida a nan, ana iya sa mata batir biyu, ɗaya a ciki ɗaya na waje da ake zarewa, sai dai ba kowacce ke zuwa da na cikin ba, ka duba rahoton ka ga ko biyu ya lissafa.

Sikirin iri biyu ne a kasuwa ko da samfurin ɗaya ne. Akwai mai 1366 da 768, wanda kala ke dushewa in ka kalle shi ta gefe, da mai 1920 da 1080, wanda galibi ya fi haske da faɗin aiki. Wanda zai yini yana karanta takardu ya ƙara kuɗi ya ɗauki na biyun, idonsa zai gode masa. Buɗe farin shafi ya cika fuskar, sannan baƙi, ka nemi ɗigo ko tabon haske ko layi. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa a hankali, kana sauraron ƙara, kana kallon ko hoton na ƙiftawa.

Kibod ka buɗe Notepad ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Duba jerin haruffan sama: in ka ga QWERTZ daga Jamus ta fito, AZERTY kuma daga Faransa ko Beljiyam, kuma wasu kan manna sitika a kai don ɓoyewa. Tana aiki, amma za ta wahalar da mai koyon bugu, saboda haka a rage kuɗi ko a canza. Masu rubutun Hausa kada su damu da rashin ɓ da ɗ da ƙ a jikin maɓallai, Windows tana da kibod ɗin Hausa da ake ƙarawa a saitin harshe.

Ragowar ba sa cin lokaci. Soka filashi a kowace kafa, gwada kyamara da makirfo da lasifika da kafar abin kunne, ka tabbata tana kama intanet.

Caja kuwa a tsaya a kanta. Ta asali tana da nauyi a hannu, rubutunta a fili, kuma ƙarfinta ya dace da na'urar, galibi wat 45 ko 65. Dell tana tantance cajarta ta wani siririn tsinke da ke tsakiyar bakin, in ba ta gane ta ba sai ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun furosesa. Mutane da yawa na zargin kwamfuta da nauyi alhali caja ce. In da USB-C take caji, juya bakin ta fuska biyu, ka ɗan motsa wayar ka ga ko cajin na yankewa.

Mataki na biyar: ciniki da rasit

Farashi yana bin dala, abin da aka sayar wancan wata ba shi ne na yau ba, saboda haka taya samfuri ɗaya a shago uku kafin ka zauna ciniki. Duk aibin da ka gano a gwaji abin ragi ne, faɗe shi cikin mutunci. Sau da yawa ya fi riba ka ce a bar farashin yadda yake a ƙara maka ram ko a sa sabon batir, domin shi mai shagon a sari yake samunsu.

Kafin a yi sallama a rubuta rasit mai sunan shago, da samfuri, da furosesa, da yawan ram da ma'adana, da lambar na'urar cikakkiya. Wannan takarda ita ce shaidarka in wata rana aka ce kayan sata ne, abin da ke faruwa da masu sayen na hannu a wurin wanda ba su sani ba, musamman a unguwannin ɗalibai. Kwanakin gwaji ma a rubuta su, da abin da za a yi in matsala ta fito: canji ne, gyara ne, ko mayar da kuɗi. "Ai mun saba, ba komai" ba ya shiga rasit. A cikin kwanakin nan ka ba ta aiki sosai, ka bar batir ya sauka ya cika sau biyu ko uku, don in akwai abin da ya ɓuya ya fito tun ana iya mayarwa.

Bayan ka kawo ta gida

Sabunta Windows har ta daina nema, sannan ka sauke manhajar kamfanin, Lenovo Vantage ko Dell Command Update ko HP Support Assistant, ta sabunta BIOS da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sassan na'urar. Yi wannan da cikakken batir da caja a jone, don in wuta ta yanke mata tsakiyar sabunta BIOS tana iya ƙin tashi. Mai T480 kada ya tsallake wannan, Lenovo ta fitar da gyara na musamman ga kafar Thunderbolt ta wannan zubin, kuma ta kafar USB-C ake cajinta.

Yanayin Zariya yana da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara kuma ya same ta a toshe. Kada a ɗora ta kan katifa ko filo ko darduma mai gashi, ta ƙasa take shaƙar iska, faranti ko katako ya fi. Tunda ta riga ta yi shekaru kafin ta zo hannunka, kai ta wurin mai gyara a buɗe a share fanka, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, sannan a riƙa sharewa duk shekara bayan hazo ya ɗauke. In janareta ake tayarwa a gidanku ko a shagon caji, bari ya daidaita kafin ka jona, ka kuma zare caja kafin a kashe shi. Wanda yake da sola ko wutar ofis da ba ta yankewa zai iya tsayar da caji a kashi 80 ta saitin na'urar don batirin ya daɗe. Ɗalibin da ke hostel ko a Hayin Dogo, wanda bai san yaushe za a sake kawo wuta ba, ya bar ta ta cika.